FibroScan a Legas ga mai ciwon hanta na garkuwar jiki: na'ura ce ta ƙwarai, amma a san ranar zuwa

Gwajin da ake kira FibroScan, wanda ke auna taurin hanta don a gane yawan tabon da ke cikinta, ya shiga bakin masu ciwon hanta a Legas, kuma da dalili. Minti goma ne a kwance, ba allura, ba zubar da jini, ba a ba mutum gado. Ya tashi ya gyara rigarsa, ya karɓi takarda, ya koma kasuwa. Ga masu ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, wannan gwaji ya rage wahala ƙwarai. Amma akwai wasu marasa lafiya, ba su kai waɗancan yawa ba, da wannan na'ura kan tayar wa hankali a banza idan aka kai su gabanta ba kan lokaci ba. Su ne waɗanda garkuwar jikinsu ce ta juyo tana yaƙar hantarsu. A takardar asibiti za ku ga an rubuta AIH. Dominsu ne muka zauna muka auna wannan aiki, abin da yake yi da kyau da inda yake kasawa.

Ciwon ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, don haka ba a ɗaukar sa a wurin aski ko ƙarin jini. Ya fi kama mata, wajen uku cikin kowane huɗu, kuma ba ya zaɓen shekaru. Wata da shawara zai zo mata, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja. Wata kuwa kasala ce kawai da ciwon gaɓoɓi shekara da shekaru, ana ta ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot. Kusan kashi ɗaya cikin uku na manya, a ranar da aka gano ciwon, tabo ya riga ya mamaye hantar har ta ƙanƙance, abin da likitoci ke kira sirosis. Shi ya sa tambayar farko ga kowa ita ce, tabon ya kai ina? Likitoci suna lissafa shi daga F0, wato babu tabo, zuwa F4, wato sirosis.

Kamfanin Echosens na Faransa ne ke ƙera na'urar, kuma tun wajen 2003 take aiki a asibitoci. Dabararta ba ta da wuyar fahimta. Duk mahaucin da ke aiki a mayankar Oko-Oba a Agege ya san hanta mai lafiya da taɓawa: taushi gare ta, yatsa na nutsewa. Wadda ta yi ciwo ta daɗe takan yi tauri kamar ganda. Na'urar ma tauri take aunawa. Kanta yana ɗan ƙwanƙwasar fata, girgizar ta ratsa cikin hanta, sai sautin sikanin ya bi ta yana auna saurin tafiyarta. A cikin nama mai tauri girgizar tana gudu, a mai taushi tana tafiya a hankali. Daga nan na'urar ta fitar da lamba a ma'aunin kilofaskal, wanda ake rubutawa kPa. Hantar mai lafiya tana zama wajen 5. Ƙarshen ma'aunin 75 ne.

Ga yadda aikin yake idan an yi shi daidai. Mutum zai kwanta rigingine, ya ɗaga hannun dama ya sa a ƙarƙashin kansa, don haƙarƙari su buɗe. Ma'aikacin zai shafa ruwan nan mai yauƙi a gefen dama, ya nemi fili tsakanin haƙarƙari biyu, ya kafa kan na'urar a miƙe. Za a ji ɗan bugu kamar an ɗalli fata da yatsa, ba zafi. Sai an sami awo goma masu kyau a wuri ɗaya, sannan na'urar ta ɗauki na tsakiyarsu. Abin da take aunawa wani yanki ne mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 4, wato ya ninka abin da allurar ɗibar tsoka ke fitowa da shi kusan sau ɗari. Wannan shi ne babban abin yabo gare ta, domin allura tana iya faɗawa inda tabo bai yi yawa ba, ko inda ya fi yawa, ta ba da hoton da bai cika ba. Ga mata, a sa riga da zani maimakon doguwar riga, domin gefen ciki kawai ake buɗewa, kuma ba laifi a tambaya tun ta waya ko akwai ma'aikaciya mace. Mai juna biyu da wanda aka sa wa batirin zuciya su faɗa tun kafin a fara.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na'urar ba ta ganin tabo. Tauri take ji, kuma kama da wane ba ta wane. Ku tuna ƙurji a hannu: ranar da ya kumbura yakan yi tauri kamar dutse, bayan mako biyu ya sace, wurin ya koma taushi, ɗan tabo kawai ya rage. Wanda ya taɓa shi ranar farko zai ce tabon ya kai girman ƙwai, alhali kumburi ne. Haka hantar mai AIH take a lokacin da aka gano ciwon. Ƙwayoyin garkuwa sun cika ta, ta kumbura a cikin fatarta da ba ta miƙewa sosai, sinadarin ALT, wanda ke hawa a jini idan hanta ta ji ciwo, ya haura ɗaruruwa, wani lokaci ya wuce dubu. Duk wanda aka auna a wannan hali lambarsa za ta yi sama, ko da tabon kaɗan ne.

Likitocin Hambug a ƙasar Jamus sun bi wannan magana da awo, suka buga sakamakonsu a 2016. Sun kwatanta lambar na'urar da tsokar hantar da aka ɗiba. Ga waɗanda aka auna a cikin wata uku na farkon magani, lambar ta fi bin zafin kumburi fiye da yawan tabo. Ga waɗanda suka yi wata shida ko fiye suna shan magani, lambar ta koma tana faɗin gaskiyar tabon, kuma 16 kPa ce iyakar da ta raba masu sirosis da marasa ita da kyau. Ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta tsaya a kan haka: a jinkirta wannan awo sai an yi aƙalla wata shida ana magani kumburi ya lafa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Wanda ya yi gaggawar biyan kuɗi a makon farko, sai ya sake biya daga baya, ga kuma fargabar da ya kwana da ita a tsakani.

A ɗauki misali don a ga abin a fili. Mace ce mai shekara 40, tana sayar da kayan miya a Mile 12, an gano ciwon a watan jiya, ALT ɗinta 600. 'Yan'uwa suka haɗa kuɗi aka kai ta gwaji, takarda ta fito da 21 kPa, kibiya ta faɗa cikin jan layin da aka rubuta F4. Gida ya rikice, an fara maganar a mayar da ita Arewa. Irin wannan mata, idan ta riƙe maganinta wata takwas ALT ya dawo daidai, ana iya sake auna ta a sami 9. Ba tabo ne ya narke cikin wata takwas ba. Kumburi ne ya sauka, aka ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ana kuma iya sake auna ta a sami 18, wanda ke nufin sirosis ɗin gaskiya ne. Awon farko bai isa ya bambance waɗannan biyun ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa muke cewa kuɗinsa bai biya ba.

Wannan ya kawo mu ga babban aibun da ke tattare da yadda ake sayar da gwajin a wasu cibiyoyin gwaje-gwaje masu zaman kansu. Takardar sakamako takan zo da zane mai launuka, kore zuwa ja, an yanka shi F0 zuwa F4. Iyakokin da ke kan zanen sun dogara da irin ciwon da ma'aikacin ya zaɓa a kwamfuta, kuma da yake yawancin masu zuwa masu nau'in B ne, da shi akan cika. Ga nau'in B, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2024 ta sa sama da 7 kPa alamar tabo mai yawa, sama da 12.5 alamar sirosis. Mai AIH da ya sami 13 zai ga kansa a cikin ja a wannan zane, alhali a lissafin da aka yi kan irin ciwonsa bai kai iyakar ba. Ba cewa muke 13 lamba ce ta kwantar da kai ba, tabo ne mai yawa da ke son kulawa. Amma likitan hanta ne zai fassara ta, yana riƙe da sakamakon ALT da na IgG, wato sinadarin garkuwar jiki da ake aunawa a jini, na wannan makon a ɗaya hannun. Launin takarda ba hukunci ba ne.

Akwai lamba ta biyu a takardar da mutane ba sa dubawa, kuma ita ce shaidar ingancin aikin. Za ku ga an rubuta IQR/Med da kaso a gabansa. Tana nuna yadda awon nan goma suka yi nesa da juna. Idan na tsakiya 10 ne, tazarar 2, kashi 20 ke nan, aiki ya yi. Idan tazarar 4 ce, kashi 40, awon ya warwatse, ba a gina magana a kansa. Ƙa'ida ita ce kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Ku duba tun kuna wurin, kafin ku fita ƙofa, domin a lokacin ne ya fi sauƙi a ce a sake. Ku duba kuma an rubuta adadin awo goma, da irin kan da aka yi aiki da shi. Kan da ake kira M yana auna zurfin milimita 25 zuwa 65 daga fata. Mai jiki, wanda kitsen gefensa ya kai santimita biyu da rabi, kan XL ne nasa, mai shiga milimita 35 zuwa 75. Idan aka matsa wa mai ƙiba da M, ko dai awo ya ƙi fitowa, ko lambar ta hau fiye da gaskiya. Wannan ya shafi masu AIH kai tsaye, domin prednisolone, maganin da ake ba su don kwantar da kumburi, yana sa ƙiba, musamman a ciki da fuska. Ba kowace cibiya ke da kawunan biyu ba, saboda haka a tambaya ta waya kafin a shiga cunkoson hanya. Yara ƙanana kuma nasu kan daban ne, S.

Sai maganar abinci, wadda a Legas ta fi ko'ina wahalar kiyayewa. Ana son mutum ya yi aƙalla awa uku bai ci komai ba, domin da an ci abinci jini yakan kwararo daga hanji zuwa hanta ya cika ta, lambar ta ɗaga. Wanda ya baro Alaba Rago ko Agege da asuba, ya yi awa biyu a mota, yunwa za ta sa ya tsaya wurin mai shayi ya sha da burodi, yana ganin ai shayi ba abinci ba ne. Abinci ne, madara da sukari da burodi duk suna cikin lissafi. Koko da ƙosai ma haka. Mafi sauƙi shi ne a karɓi layin safe, a tafi da abincin a jaka, a ci bayan an gama. Mai azumin Litinin ko Alhamis ya sami ranar da ta dace da kanta. Wanda prednisolone ya tayar wa sukari, ko yake allurar insulin, ya tsara wannan da likitansa tukuna. Idan an iso a guje ana haki, a zauna a huta kamar minti goma kafin a kwanta.

Wasu abubuwan da ke taurara hanta ba tare da tabo ba su ne ciwon zuciya da ke tara jini a hanta, toshewar hanyar matsarmama, da shan giya kwanan nan. Jiƙe-jiƙen gargajiya, na gida ko agbo da ake tallansa a tasha, suna iya tayar da kumburi sabo su ɓata awo, su kuma ɓata magani, don haka a faɗa wa likita gaskiyar abin da ake sha. Idan ruwa ya taru a ciki, girgizar ba ta ratsa ruwa, gwajin ba zai yiwu ba sam, kuma cibiyar kirki za ta faɗa maka haka kafin ta karɓi kuɗinka. Akwai kuma akasin haka, wanda ya shafi mutanenmu da suka tashi a wuraren noman rani da madatsun ruwa: tsargiyar hanji tana yin tabo a kewayen jijiyoyin hanta, saifa ta kumbura, jini ya matse, amma lambar na'urar ta fito ba ta da yawa. Wanda ya yi ƙuruciya yana wanka a kududdufi ya ambata wa likita.

Wasu za su ce, to me ya hana a yi lissafi da gwajin jini kawai, tunda ya fi araha? Akwai lissafi biyu sanannu, APRI da FIB-4, kuma suna da amfani ga nau'in B da C. A AIH ba su da ƙarfi, kuma dalilin a bayyane yake idan aka duba yadda ake yin su. FIB-4 shekaru ne a ninka da AST, wani sinadarin jini irin ALT, a raba da adadin ƙwayoyin daskarar da jini da aka ninka da tushen ALT, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ALT. Mai shekara 40, AST 400, ALT 400, ƙwayoyin daskarar da jini 200, lissafinsa zai ba da 4.0, ya haye iyakar 3.25 da ake cewa tabo ya yi nisa. Wannan mutumin dai, bayan magani, AST 30, ALT 25, lissafin ya koma 1.2, ƙasa da 1.45 da ake cewa babu damuwa. Hanta ɗaya, tabo ɗaya, amsa biyu. Ƙara da cewa zazzaɓin cizon sauro yana rage waɗannan ƙwayoyi na ɗan lokaci, azathioprine, wani maganin AIH, ma yana iya rage su, mai sikila kuma AST ɗinsa kan hau saboda fashewar jini. A wannan fage FibroScan ya fi su nesa ba kusa ba.

Wasu cibiyoyin kuma suna auna taurin hanta da na'urar sikanin ta yau da kullum mai wannan fasaha a cikinta, amma a baki su ce maka FibroScan ne. Hanyar ba ta da laifi, tana ma aiki ko da akwai ruwa a ciki, sai dai lambobinta ba ɗaya suke da na waccan ba, wani lokaci ma da mita a daƙiƙa take rubutawa. Tunda amfanin gwajin a kwatanta bana da bara ne, a riƙe na'ura iri ɗaya, in da hali wuri ɗaya. A ajiye kowace takarda, a ɗauki hotonta a waya.

Abin da gwajin ba zai taɓa yi ba shi ne ya ce wannan AIH ne. Gano ciwon yana bukatar IgG, da gwajin jini na ANA da SMA da anti-LKM1, masu nuna ko garkuwa ta juyo wa jiki, da tabbatar da cewa ba nau'in B ko C ba ne, sannan a ɗebi tsokar hanta da allura a duba ta a madubin likita. Mutane suna tsoron wannan allura, kuma tsoron yana da tushe, domin akwai ciwo, akwai ɗan haɗarin zubar jini, sai an kwanta awanni ana lura. Amma maganin da za a fara na shekaru ne, wani har ƙarshen rayuwa, yana rage garkuwar jiki, yana taɓa ƙashi da sukari da ido. Ba a ɗora wa mutum wannan kaya a kan zato. Tsokar farko kuma ita ke faɗin matakin tabo a daidai lokacin da na'urar ba ta iya faɗa. Haka nan ranar da ake tunanin dakatar da magani, bayan aƙalla shekara biyu jini yana daidai, na'urar ba ta iya tabbatar da cewa kumburin ciki ya mutu gaba ɗaya, kuma ciwon yana dawowa ga mafi yawan waɗanda suka daina. Kyakkyawar lamba ba izinin ajiye magani ba ce. Asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja suna da sashen likitocin ciki da hanta, kuma irin wannan shawara a gaban irinsu ake yanke ta.

Inda gwajin ya fi biyan kuɗinsa shi ne tsakanin waɗannan ranaku biyu, a dogon zangon magani. A yi na farko bayan wata shida, idan ALT da IgG sun sauka, sannan a riƙa maimaitawa kamar sau ɗaya a shekara. Binciken da ya biyo bayan na 2016 ya nuna cewa waɗanda ALT da IgG ɗinsu suka koma daidai gaba ɗaya, taurin hantarsu yana raguwa shekara bayan shekara, domin hanta tana iya cinye wani ɓangare na tabonta idan aka kashe wutar da ke ƙona ta. Wanda lambarsa ke hawa kuma, 8 bara, 11 bana, ko da yana jin garau, alama ce a sake duba magani, ko a tambaya ko ana sha kullum, ko a koma ga allurar ɗibar tsoka. Na'urar kan ba da wata lamba ta uku, CAP, mai auna kitsen hanta daga 100 zuwa 400. Sama da 275 yana nuna kitse ya taru, abin da prednisolone kan jawo, kuma sanin haka yana hana a ɗora wa AIH laifin da ba nasa ba. Matakin tabo yana canza zaɓin magani ma: maganin budesonide, wanda illarsa ba ta kai ta prednisolone ba, ba a ba mai sirosis shi. Idan lambar ta tabbata a sama, sai a fara sikanin hanta duk wata shida don tsaron ciwon daji, a kuma yi maganar duba jijiyoyin maƙogwaro da na'urar leƙa ciki, musamman idan taurin ya kai 20 kPa ko ƙwayoyin daskarar da jini sun sauka zuwa 150 ko ƙasa.

Kafin a biya, a tambayi cibiyar ko kuɗin ya haɗa da bayanin likita ko takarda ce kawai, ko ma'aikacin ya daɗe yana wannan awo, domin hannu ba ya faɗawa sai an yi aƙalla ɗari, da kuma ko ana kai kan na'urar daidaitawa a kan lokaci. A je da sakamakon ALT, AST, IgG da ƙidayar jini da ba su wuce mako biyu ba, da jerin magungunan da ake sha, a kuma ce wa ma'aikacin ya rubuta AIH da ranar da aka fara magani a saman takardar.